Na Ɓoye wa Mama Igiyar Garmaho

Kawu, don girman Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba irin wanda ake kai wa ƙawa ba ne, dariya za ta yi mini. Kai ma na san za ka yi murmushi idan ka ji cewa a kan garmaho ne mace mai shekara talatin da takwas, uwar 'ya'ya biyu, take shiga ɗakin ajiyar kaya a wurin aiki tana share hawaye. Amma ka daure ka karanta har ƙarshe. Yau kwana goma sha tara ke nan ina yi wa mahaifiyata ƙarya, kuma jiya na gane cewa ta sani.

Bari in faro maka daga tushe. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da Yayana wanda ya ba ni shekara tara. Shi bakanike ne, yana da garejinsa. Ni kuma a kantin magani nake aiki, ina tsaye tun safe har la'asar ina fama da rubutun likitoci. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu shekara shida da suka wuce. Ma'aikacin masaƙa ne, shekara talatin da ɗaya yana gaban inji har kunnensa na hagu ya daina ji sosai. A ƙuruciyarsa ma'aikatan masaƙar suna da ƙungiyar kiɗa, da masu busa da masu jita, Baba kuma shi ne mai ganga. Ni dai ban taɓa ganinsa da ganga ba, ƙungiyar ta watse kafin a haife ni. Abin da na sani shi ne yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya. Yana kaɗa su a kan tebur, a kan gwiwa, a kan murfin tukunya, har a kan kaina idan na zauna kusa da shi, Mama tana faɗa wai ya bari kada ya girgiza wa yarinya ƙwaƙwalwa.

Bara idon Mama ya fara rauni, sau biyu tana zamewa a matakala, sai muka lallashe ta ta dawo wurina. Ranar da muke haɗa kayanta, a ƙasan kwaba, bayan barguna, muka tarar da faya-fayan garmaho guda goma sha bakwai a jere a tsaye. Ɗaya daga ciki bangonsa ya yi ja don tsufa, da hoton maza tara sanye da riga iri ɗaya. A layin baya ga Baba, siriri, da suma cike da kai, yana riƙe da sanduna biyu. Mama ta ce shugabannin masaƙar ne suka kai su situdiyo wuni guda, aka buga faifai ɗari biyu aka raba wa ma'aikata, shi ke nan. Rabonta da jin sa tun garmahon gidanmu ya mutu ina firamare. Duk kayanta aka loda a bayan mota, amma wannan faifan a ƙirjinta ta rungume shi har muka isa.

To ka ga ai dole in nemo abin da za a sa shi. Ban san komai a kan garmaho ba, ban ma san har yanzu ana ƙera sababbi ba. Na shiga kantuna uku. Masu kyaun ɗan karen tsada gare su, kuma wai bayan ka saya sai ka ƙara da amfilifaya da lasifika, kaina ya ɗau zafi. A kanti na uku mai kantin ya ɗauko mini wani ƙarami mai kama da akwatin tafiya, shuɗi, da marfi da mariƙi, lasifikarsa a jikinsa. Ya ce babu wani haɗe-haɗe, in jona wuta kawai in ɗora faifai. Kuɗinsa bai kai kwatan na kusa da shi ba. Ko tambaya ɗaya ban yi ba, na ɗauka ina murna. Da na shigo da shi gida maigidana ya ce wai yaushe na fara sana'ar kwalliyar amare.

Ranar Asabar da rana Yaya ya zo, muka ɗora shi a kan ƙaramin teburin falo. Gefen farko na faifan su Baba ya yi ta kiɗa lafiya lau, yara suna ta tsalle. Mama dai tana zaune, hannu a cinya. Can ta ce ba wannan take jira ba, a juya, a sa daidai inda waƙa ta biyu ta ƙare. Ashe a ɗan tsakanin nan, kafin waƙa ta uku, masu ɗauka sun bar abin da ya faru a ɗakin. Baba ne yake ƙirga wa 'yan ƙungiya, ɗaya, biyu, uku, sai wani mai busa ya yi azarɓaɓi ya shigo kafin lokaci, Baba ya fashe da dariya ya ce masa ya jira shi mana, sannan ya sake ƙirgawa. Duka-duka bai fi daƙiƙa goma ba. Kawu, ba mu da muryar Baba a ko'ina a duniya sai nan. Mutum ne da in ka ɗaga waya sai ya rufe baki, daga baya kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da maganarsa shekara huɗu kafin rasuwarsa. Shekara goma ke nan ba mu ji shi ba.

Sai dai allurar ta ƙi. Da ya ce biyu, sai ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar waƙa. Sau uku muna mayarwa tana tsallakewa. Sai Mama ta ce a zazzage bangon, kwandalar Baba tana ciki. Yaya ya zazzage, sai ga wata tsohuwar kwandala irin wadda aka daina karɓa tuntuni, har da shatin salatif a jikinta. Nan take Yaya ya tuna. Ya ce yana yaro ya sha ganin Baba yana ɗora ta a kan hannun garmaho, daidai saman allura, don ta danne ta kada ta yi tsalle. Aka ciro salatif daga jakar makarantar yara, ya manna ta, ya sauke allurar. Ta wuce sumul. Dariyar ta fito, ta saurayi ɗan shekara ashirin da shida, wanda ni yanzu na girme shi. Yaya ya miƙe wai zai duba ko ya kulle mota, motar da ya kulle a gabana. Babbar 'yata ta ce kaka yana dariya irin ta kawunta, wato Yaya. Mama ba ta yi kuka ba, ta dai ce a sake sawa.

Daga ranar garmahon ya zama abokin wuninta. Idan mun watse, yara makaranta, mu wurin aiki, sai ta ja kujera. Ta koyi komai da yatsu. Da farce take bin faifan har ta ji ɗan santsin da ke tsakanin waƙoƙi, ta ɗaga hannun ta sauke. Akwai wata 'yar ƙaramar sanda da ake turawa ta sauke allura a hankali, amma ta ce ba ta yarda da ita ba, kuma ka san hannun mai shekara saba'in da biyu. Ba ta sauraron waƙar, dariyar kawai, sai ta ɗaga ta mayar. Maƙwabciyarmu ta tare ni a matakala tana dariya, wai a gode wa Mama, 'yarta da ba ta cika shekara biyu ba ta iya ƙirga har uku ta cikin bango. Ni kuwa daɗi nake ji, domin Mama ta dawo cin abinci, ta dawo tsokanar maigidana, tana ba yara labarin yadda Baba ya yi wata biyar yana biyo layinsu kafin ya iya yi mata sallama.

Bayan kamar wata biyu, ran nan ina gida, sai na ji wani sauti a bayan muryar, shuu, kamar an sa albasa a mai. A sauran faifan babu, sai daidai wurin nan. Na ɗaga shi a hasken taga. Ko'ina baƙi ne yana ƙyalli, amma zoben nan ya yi toka-toka, ga wasu ƙananan ƙarce a gefensa inda allura take sauka ba daidai ba. A bakin allurar kuma wani baƙin gari ya taru. Akwai wani tsohon malamin makaranta da yake zuwa kantinmu karɓar maganin hawan jini, na san yana da faya-fayai, na ba shi labari. Da na kai kan kwandala sai ya dafe kai. Ya ce ba sauraron faifan muke yi ba, noma shi muke yi, in aka ci gaba wata rana za a sa a ji iska kawai.

Na kira Yaya na faɗa masa. Da na sani ban fara da kwandalar ba. Ya ce Baba ya yi shekaru yana ɗora ta faifan bai mutu ba, sai yanzu da na sayo abin wasan yara don neman araha. Ya ce dama ni tunda na yi karatu nake ganin na fi kowa sani, yanzu har na kai ga gyara wa mamaci kuskure. Wannan maganar ta soke ni, ni ma na faɗa masa wadda ba ta dace ba, cewa in da ya damu da shi ya saya. Tun ranar in ya zo gaida Mama, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na gwada dabaru. Na kara wayata a bakin lasifika na ɗauki muryar, na kunna wa Mama. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta miƙo mini wayar, ta ce wannan kamar an kulle shi a gwangwani, kuma ita da hannunta ta saba sa shi. Na cire kwandalar a ɓoye, allura ta koma tsalle, Mama ta shafa ta ji babu, ta tambaye ni ina na kai ta, na mayar. Sai ranar wata Litinin kafin in fita aiki na zare igiyar wutar, na ce mata ta ƙone, mai kanti ya ce sai an kawo wata. Na dunƙule ta na cusa a aljihun kwabata na ƙasa, ƙarƙashin ɗankwalaye.

Kwana biyar tana tambaya ko an kawo, ina cewa tukuna. Daga nan ta daina. Kullum da safe sai ta goge marfin garmahon da gefen zaninta, ta zauna kusa da shi da bangon faifan a cinya. Abincin ma ya koma cokali uku. Jiya na buɗe aljihun zan ɗauki ɗankwali. Na manta Mama ce take ninke mana wanki. Igiyar tana nan inda na sa ta, amma an naɗe ta tsaf, an ɗaure da farin zare, irin ƙullin da take yi wa igiyar dutsen guga tun muna yara. Ban san ranar da ta gan ta ba. Ba ta ce mini uffan ba, da safe ma har addu'a ta yi mini zan fita. Na wuni ina ba mutane magani ban san me nake cewa ba.

Kawu, idan na mayar mata, nan da 'yan watanni dariyar za ta shafe, 'ya'yana da na Yaya su rasa kakansu gaba ɗaya, kuma laifin nawa ne tunda ni na sayo akwatin nan. Idan ban mayar ba, na zama mai tsaron kurkukun uwata. Kuma tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Ba don jikoki kawai nake yi ba. Ni ma ina so. Ita ta yi shekara arba'in tana jin muryarsa, ni kuwa ban ji dariyar nan ya fi sau goma ba, kuma duk lokacin da na tuna tana can tana cinye ta sai in ji haushinta, sannan in ji kunyar kaina. Shin akwai garmahon da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya wanda ba zai ci faifai ba? Abin da ya lalace yana gyaruwa? Kuma da wane ido zan kalli Mama?

Taka,
'Yar Mai Ganga

AMSA

'Yata, ban yi miki dariya ba. To, na ɗan yi, a wurin 'yar maƙwabciya, amma daga nan sai da na cire tabarau na goge. Kuma kafin in ce komai, ki sani mai laifi ne yake ba ki amsa. Ni ma a zamanina na ɗora kwandala, har da ta biyu idan faifai ya yi taurin kai, kuma akwai faya-fayai a ɗakina da in na sa su yanzu sai ka ce ana ruwan sama a kan kwano. Haka kowa yake yi a lokacin. Babanku bai yi wauta ba, abin da ya gani ana yi ya yi, da injin da yake da shi, kuma da wuya in yana sa wuri ɗaya sau ashirin a wuni.

Ki daina dukan kanki a kan akwatin nan. Shi ya dawo muku da muryar da kuka yi shekara goma ba ku ji ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai tsohon malamin makarantar nan ya yi gaskiya. Irin waɗannan tun daga masana'anta allurarsu tana danna faifai da nauyi, sau da yawa kusan ninkin na garmaho mai kyau, kuma ba su da wurin ragewa. Allurar da suke zuwa da ita galibi mai saurin dakushewa ce, dakusasshiyar allura kuwa ta fi komai cin faifai. Lasifikar da ke jikinsu tana girgiza faifan yana cikin juyawa, wannan ma yana jawo tsalle. A kan duk wannan aka ɗora kwandala, sannan hannu mai rawa yana sauke ta wuri ɗaya wata biyu. Saboda haka dakatarwar da kika yi daidai ce. Hanyar da kika bi ce ba daidai ba, zan dawo kanta.

Abin da allura ta riga ta ci ba ya dawowa, ba zan ruɗe ki ba. Amma ba duk shuu ɗin da kike ji ne ci ba. Faifan da ya yi shekaru a bayan barguna cike yake da ƙura, kuma wani ɓangare na baƙin garin nan datti ne allura take tonowa. Tsallen ma da ya jawo kwandala tun farko, ba mamaki wani ɗan datti ne ya daskare a wurin. Ki wanke shi. Tataccen ruwan nan da kuke sayarwa a kantinku shi ya fi, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka, da ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da gashi. Ki bi zagayen layin, kada ki tsallaka shi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ki ɗauraye, ki jingine shi a inuwa ya bushe da kansa. Ban da ruwan zafi, ban da rana, in ba haka ba zai lanƙwashe. A riƙe shi ta gefe, a ajiye shi a tsaye kamar yadda Mama ta yi shekaru tana yi. Ki fara koyo da ɗaya daga cikin sauran goma sha shidan.

Bayan wanki, kafin ya sake hawa akwatin nan ko sau ɗaya, a kwafe shi. Ba da waya a bakin lasifika ba, Mama ta yi gaskiya, wannan gwangwani ne. Ki roƙi malamin makarantar, in garmahonsa mai kyau ne, ko ki nemi ƙaramin situdiyo, a jona shi da kwamfuta a ɗauke duka gefe biyun, ki tsaya a wurin har a gama, kada ki bar wa kowa shi ya kwana. Ki ajiye a wurare uku, ki tura wa Yaya nasa. Da an yi wannan, rabon jikoki ya fita, naki ma ya fita. Sannan kin ce ɗari biyu aka buga. Maza tara ne a hoton nan, kowannensu yana da iyali, kuma tsofaffin ma'aikata ba sa rasa inda suke haɗuwa. Mama za ta tuna sunaye. Ba abin mamaki ba ne a samu wani yana kwance a kwabar wata tsohuwa, ba a sa shi ko sau biyar ba.

Game da sabon garmaho, tsakanin akwatin nan da masu ɗan karen tsada akwai matsakaita, mai kanti ne bai nuna miki ba don kin riga kin yi murmushi. Ki nemi wanda a bayan hannunsa akwai ƙarfe mai kama da murfin kwalba da ake murɗawa a daidaita nauyi, ko wanda takardarsa ta nuna nauyin allura bai wuce giram uku da rabi ba. Allurar ta zama mai bakin daimon wadda ake iya sauyawa, kuma ki tabbata ana samunta a kasuwa. Ki tambaya ko yana da ƙaramar amfilifaya a ciki, don in yana da ita, ƙananan lasifika masu jona wuta sun isa, a ajiye su ba a kan teburi ɗaya da shi ba. Saboda idon Mama, mai maɓallin da ke ɗaga hannu ya sauke da kansa, ko mai sanda mai saukewa a hankali, ya fi komai muhimmanci. Wanda wani ya riga ya yi amfani da shi ma, in mai lafiya ne, ya yi, in an sa masa sabuwar allura. In duk wannan sai an jira, to akwatin ma a sauya masa allura, a ɗora shi a wurin da ba ya karkata ko rawa, kuma babu kwandala.

Wannan aikin kuwa na Yaya ne. Kin lura shi ne ya fita duba motar da ya kulle? Ba kwandala yake karewa ba, abin da ya rage masa na hannun ubansa ne, kika kira shi a waya kika ce kuskure ne. Shi ma ya faɗi magana mai zafi, ban wanke shi ba, amma ke ce ƙarama, kuma ke kika rubuto mini, don haka ke zan aika. Ki je garejin da ƙafarki, ki ba shi haƙuri a kan taki maganar. Kada ki yi masa lacca. Bakanike ya fi ni da ke sanin abin da ke faruwa idan aka ɗaure noti fiye da ƙima. Ki ce ya raka ki saye, shi zai daidaita tebur, shi zai saita nauyi. Kwandalar kuma a ba shi ita, ko a ajiye ta a gefen garmahon inda Mama za ta riƙa shafawa. Ta yi aikinta, ta huta.

Saura babbar magana. Haushin da kike ji ba abin kunya ba ne, marainiya ce take son ubanta, kuma shekara talatin da takwas ba ta hana wannan. Amma faifan ba naki ba ne, ba na jikoki ba ne tukuna. Na matar da ta ɓoye shi a bayan barguna ne, ta rungume shi a mota. Kin yanke hukunci a kan kayanta ba ki tambaye ta ba, kamar raunin ido ya taɓa hankalinta. Ga shi ta nuna miki bai taɓa ba. Ta ga igiyar, da ta so da ta jona abinta kuna fita. Ba ta yi ba, ta naɗe ta ajiye miki, don ba ta son ta kunyata ki, kuma tana jira ki zo da kanki. Ina kyautata zaton da kin ɗora yatsanta a kan ƙarcen nan kin gaya mata gaskiya, da ita za ta fara cewa a yi hankali, domin babu wanda zai fi ta asara in dariyar ta shafe.

Bayan an kwafe an gyara, idan ta ce sau ashirin take so, ki bar ta. Da allura mai sauƙi faifan zai daɗe fiye da yadda kike tsoro. In ma ya ƙare, gara ya ƙare a hannunta da ya rage lafiya lau a kwaba, ranar da za ki so a ce tana nan ta sa shi. Kwana goma sha tara da cokali uku sun yi yawa ga mai shekara saba'in da biyu.

Kada ki jira wanki ko situdiyo ko Yaya. Yau in kin tashi aiki, ki ɗauko igiyar yadda take da zarenta, ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ki sa mata a cinya. Ki gaya mata duka, har da cewa ke ma kina kewarsa, ki roƙi kwana uku na wanki da kwafi, ki bar ta ita ta ce e ko a'a. Ranar da za a sake sawa kuma kada ki tsaya a bakin ƙofa kina sauraron shuu. Ki ja kujera kusa da tata, ta kama hannunki ta nuna miki inda yake, tunda ita ta san wurin da farce.

Allah ya jiƙan mai ganga, ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana, ya daidaita tsakaninki da Yayanki. Ki gaishe mini da ita da kyau.

Kawunku